Jinyar Zuciya da Zance: Ina Amfaninta Ya Kai, Ina Ya Tsaya?



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan tambayar da ake yawan jefo mana, mu masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa: shin zama da mutumin da damuwa ta yi wa katutu, a saurare shi, a koya masa dabarun sarrafa tunaninsa, yana ƙara masa kwanciyar hankali da gaske? Ko kuwa, kamar yadda wasu ke faɗa, surutu ne irin na Turawa, mu kuwa haƙuri da addu'a sun ishe mu? Zan faɗi matsayina tun yanzu, don ku riƙa auna shi da hujjojin da zan kawo. Jinyar zance tana aiki. An gwada an gani, har a ƙauyukan da suka fi namu talauci da tashin hankali. Sai dai tana da sharuɗɗa, tana da iyaka, kuma mafi yawan abin da muke yi a Filato da sunanta bai cika sharuɗɗan ba.

Nauyin da garin nan ke ɗauke da shi

Babu wanda ke zaune a zauren nan da zan ba labarin abin da Jos ta gani. Yaron da aka haifa a makon 7 ga Satumba, 2001, lokacin da rikici ya ɓarke ya ci rayuka kusan 1,000, yau ya zama magidanci ko ya kusa. Yana goye babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Yana firamare aka yi na Nuwambar 2008, aka sake a Janairun 2010, ga kashe-kashen Kuru Karama, ga na Dogo Nahawa a watan Maris, ga bama-baman jajibirin Kirsimeti a Unguwar Rukuba da Kabong. Ranar 20 ga Mayu, 2014, bam ya tashi sau biyu a Taminus, mutum aƙalla 118 suka rasu. A Yulin 2015, cikin azumi, aka kai hari masallacin 'Yan Taya ana tsakiyar tafsiri. Ga kuma abin da Barikin Ladi da Riyom da Mangu da Bokkos suka sha har zuwa 'yan shekarun nan. Kowane ɓangare ya binne nasa. Unguwanni sun rabu, har mutum ya saba da lissafin hanyar da zai bi idan gari ya rikice tun kafin ya fita daga gida.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a mujallar Lancet cewa a yankunan da suka sha rikici, kusan kashi 22 cikin 100 na jama'a suna fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko ciwon firgici bayan tashin hankali, ko wani taɓin hankali mai tsanani. Wato mutum 1 cikin 5. Ku lura da ɗaya gefen lissafin: 4 cikin 5 suna miƙewa. Dangi da maƙwabta da ibada da sana'a suna ɗauke su, kuma wannan ni'ima ce da ya kamata mu gode wa Allah a kanta. Maganarmu ta yau a kan na biyar ɗin ce, wanda shekaru suka wuce amma shi bai wuce wurin ba.

Kun san shi, ko da ba ku gane shi ba. Ku tsaya bakin kemis a Gangare ko Tudun Wada bayan magariba. Mace za ta zo ta ce kanta na sara, ƙirjinta na zafi, barci ya ƙaurace mata, zuciyarta na bugawa da ƙarfi in ta ji an buga ƙofa. Mai kemis ya haɗa mata maganin maleriya da taifot, ya ƙara da ƙwayar barci. Bayan mako biyu ta dawo da kuka iri ɗaya. Da wani zai zaunar da ita ya tambaya, abin da za ta ce shi ne, "Tunani ne ya yi mini yawa." A gida kuwa an riga an ba ta amsa: "Sai haƙuri, ƙaddara ce." Haƙuri gaskiya ne, ƙaddara ma gaskiya ce, amma ba mu taɓa ce wa mai hawan jini ya yi haƙuri ya bar shan magani ba.

Ko da ta so ganin likita, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, jami'ar kuma tana yaye masana halayyar ɗan Adam, amma hannayen nan ba za su kai kowace unguwa da kowane ƙauye na ƙananan hukumomi 17 ba.

Yadda zaman yake

Da yawa suna zaton jinyar zance nasiha ce. Bari in nuna muku bambancin da wani tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2016, mai suna PM+, wanda aka tsara shi don wanda ba likita ba ya iya gudanarwa. Zama 5 ne, mako-mako, kowanne minti 90.

A ce ga wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a kasuwar Farin Gada. Mijinta ya rasu a ɗaya daga cikin rikice-rikicen nan, ta daina fita, jari ya karye, yara sun zauna gida saboda kuɗin makaranta. A zaman farko ma'aikaciyar lafiya ba ta ce mata ta manta ba, ba ta kuma tilasta mata ba da labarin ranar da abin ya faru. Ta saurare ta, sannan ta koya mata jan numfashi a hankali, don ta samu abin yi a lokacin da ƙirji ya fara bugawa. A zama na biyu suka jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya: rashin miji, bashin mai gida, kuɗin makaranta, rashin barci. Ma'aikaciyar ta ce, "Mama, a cikin waɗannan, wanne ne idan kika taɓa shi zai motsa?" Suka ware wanda ba ya hannunta, suka ɗauki kuɗin makaranta. Wa za ta iya tunkara? Ƙanin mijin, ko shugabar makarantar a roƙe ta a riƙa biya kaɗan-kaɗan? Wace rana za ta je, da ƙarfe nawa? A zama na uku aka tambaye ta yadda ta kaya, aka kuma tsara ta fita kasuwa ko da na rabin wuni ne, domin zaman ɗaki yana ƙara wa damuwa ƙarfi. A na huɗu aka duba mutanen da ta yanke hulɗa da su: 'yan adashinta, ƙawarta ta Islamiyya ko ta zumuntar mata. A na biyar aka shirya abin da za ta yi idan duhun ya sake dawowa.

Ga tsari, ga aikin gida, ga bibiya. Ita ma ma'aikaciyar akwai ƙwararren da ke duba aikinta. Wannan shi ne abin da masu bincike suka gwada, kuma a kansa ne alƙaluman da zan karanto suka tsaya.

Abin da gwaji ya nuna

Hanyar gwajin mai sauƙin fahimta ce. Ana raba masu ciwo iri ɗaya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu jinyar, wasu a bar su da kulawar da aka saba, sannan bayan watanni a auna kowa da ma'auni ɗaya.

A 2021 Joep van Agteren da abokan aikinsa a Ostareliya suka tattara irin wannan gwaji guda 419, da suka ƙunshi mutum sama da 53,000, don su ga ko waɗannan dabaru suna ƙara wa mutum jin daɗin rayuwa da natsuwa. Suka samu cewa suna ƙarawa, amma gwargwadon ƙarin daga kaɗan ne zuwa matsakaici, kuma ya danganta da wanda aka yi wa da yawan zaman da aka yi. A shekarar dai, Pim Cuijpers na ƙasar Holan ya duba gwaje-gwajen ciwon damuwa, ya ga kusan kashi 41 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar zance sun samu sauƙi sosai cikin kimanin wata 2, a yayin da kashi 17 ne kawai suka samu haka a cikin waɗanda aka bari da kulawar da aka saba. Ninki biyu ne da ɗoriya. Amma fiye da rabi ba su samu wannan sauƙin ba a zagayen farko, don haka duk wanda ya ce muku yana warkar da kowa, ku yi hattara da shi.

Wani zai ce ai waɗannan binciken Turai ne. To, mu dawo gida Afirka. A 2003 Paul Bolton ya wallafa gwajin da aka yi a ƙauyuka 30 na gundumomin Masaka da Rakai a Yuganda, inda cutar ƙanjamau ta yi ɓarna. Mutanen yankin aka horar, suka riƙa zama da ƙungiyoyin maza daban, mata daban, har mako 16. A ƙarshe kashi 6.5 ne kawai suka rage da ciwon damuwa mai tsanani, alhali a ƙauyukan da ba a yi zaman ba kusan kashi 55 ne. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6. Gwajin da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573 ya nuna bayan wata 6 kusan kashi 14 ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 50.

A wajen Afirka kuma, a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, al'ummar Musulmi mai kulle da zaman gandu irin namu, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya masu shiga gida-gida su riƙa zama da masu juna biyu da damuwa ta kama. Mata 903 ne. Wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 ne suka rage da ciwon, a ɗaya ɓangaren kashi 53. Da aka koma bayan shekara 7, aka tarar amfanin bai gushe ba, har matan sun fi samun ta cewa a kan kuɗin gida, sun fi kashe wa karatun 'ya'yansu.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na gabashin Kwango, wanda Judith Bass ta wallafa a 2013. Matan da aka yi wa fyaɗe a lokacin yaƙi ne, kuma yankin bai gama lafawa ba ake zaman. Wata 6 bayan kammalawa, kashi 9 ne ke da alamun damuwa ko fargaba mai tsanani, a ɗaya ɓangaren kashi 42. Saboda haka kada wani ya ce mu jira sai zaman lafiya ya kankama a Mangu da Bokkos kafin mu fara.

Inda abin ya tsaya

Da zan tsaya a nan, da na yi muku rabin gaskiya. Akwai wuraren da aka gwada aka ga babu amfani, kuma su ne suka fi shafar yadda muke aiki a jihar nan.

Na farko, zaman rana ɗaya. An daɗe ana tara waɗanda bala'i ya auka wa cikin 'yan kwanakin farko, a sa kowa ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla, wai don ya amayar da abin da ke ransa. Da aka gwada, aka ga wannan ba ya hana ciwon firgici, a wasu gwaje-gwajen ma ya ƙara shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. Abin da ake buƙata a kwanakin farko shi ne mafaka, abinci, labarin inda dangi suke, da mutum mai natsuwa a kusa. Mu tambayi kanmu: bita nawa aka yi a otal-otal ɗin garin nan da sunan warkar da raunin zuciya, aka ci abinci, aka raba kuɗin mota, aka ɗauki hoto, aka watse, babu wanda ya sake komawa kan ko mutum ɗaya? Niyyar masu yi tana iya zama mai kyau, amma babu hujjar cewa irin wannan yana warkarwa.

Na biyu, yi wa kowa da kowa ba tare da tantancewa ba. A Birtaniya an gwada koyar da dabarun natsuwa ga ɗalibai sama da 8,000 a makarantun sakandare sama da 80, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai fi darussan da aka saba ba. Jinya ta fi amfani ga mai ciwo.

Na uku, talauci. A yankin Nakuru na Kenya, Johannes Haushofer da abokansa sun kwatanta PM+ da tallafin kuɗi a tsakanin talakawan karkara, ba lallai masu ciwon damuwa ba. Bayan shekara guda, waɗanda aka ba kuɗi sun fi samun kwanciyar hankali, zaman kuwa bai nuna wani tasiri ba. Wanda yunwa ce damuwarsa, abinci ne maganinsa. Amma ku ji abin da aka samu a maƙwabciyarmu Nijar, a ƙauyuka sama da 300 da suka haɗa da na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, wanda mujallar Nature ta wallafa a 2022. Matan da ke karɓar tallafin gwamnati aka haɗa su ƙungiyoyin adashi, aka koya musu sana'a. Wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000, wasu kuma aka ƙara musu horo kan yarda da kai da tsara buri, tare da nuna wa duk ƙauyen majigi a tattauna. Duka sun samu ci gaba, amma idan aka auna riba da abin da aka kashe, ɓangaren horon zuciya ne ya yi gaba. Haka a Monrobiya ta Laberiya, Chris Blattman da wata ƙungiyar 'yan ƙasar sun yi aiki da matasa 999 masu sata da sayar da ƙwaya. Kuɗi kaɗai tasirinsa bai daɗe ba. Waɗanda aka haɗa musu horon mako 8 kan sarrafa fushi da tunani tare da dala 200, bayan shekara 10 aikata laifinsu ya ragu da kusan rabi. Duk mai tunanin yadda za a yi da 'yan sara-suka a unguwanninmu ya kamata ya san wannan. Zance da jari tare suke tafiya.

Na huɗu, ciwo mai tsanani. Wanda ke jin muryoyi, ko yake kwana da kwanaki ba barci yana sambatu, ko yake maganar kashe kansa, asibiti yake buƙata da gaggawa, da magani. Mun ga abin da ya fito a 2019, lokacin da aka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, rasa inda za su ne ya kai su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙi da mutunci. Sauran aiki shi ne a samar wa iyaye wurin zuwa.

Malamai da fastoci

Iyayena malamai, wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinku. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya kuma nuna yadda mutum zai tanadi tunani mai kyau ya tunkari mara kyau da shi. Wannan shekaru 1,000 ke nan kafin Aaron Beck ya tsara irin wannan jinya a Amurka. A ƙasar nan kuma, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye majinyata a gidajen mutanen ƙauye a Aro, kusa da Abekuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya wallafa gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suka riƙa ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya suna aiki tare. Majinyatan sun fi samun sauƙi.

Ku ne ƙofar farko da mai damuwa ke ƙwanƙwasawa. Ba mu ce ku bar ruƙiyya ko addu'a ba. Roƙonmu shi ne ku san alamomin da ke cewa a tura asibiti, ku daina ɗaukar kowace damuwa a matsayin raunin imani ko aikin aljanu, kuma kada a ɗaure ko a doki mara lafiya a gabanku ku yi shiru.

Abin da ke gabanmu a Jos

Ga abin da nake ganin za mu iya, da abin da ke hannunmu. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta zaɓi ma'aikatan lafiya na unguwa da ungozomomi a asibitocin sha-ka-tafi, a horar da su a kan tsari guda da aka riga aka gwada, ƙwararrun asibitin koyarwa da na jami'a su riƙa duba aikinsu a kai a kai. A yi zaman da harshen da mutum ke kuka da shi, Hausa ko Birom ko Fulatanci ko Mwaghavul, mace ta samu mace 'yar'uwarta. Ƙungiyoyin agaji su karkatar da kuɗin bitar otal zuwa zama 5 ko 6 ga wanda aka tantance yana buƙata, su haɗa shi da jari ko adashi. A auna kowane majinyaci kafin a fara da bayan an gama. Akwai takardar tambayoyi 9 ta ciwon damuwa, akwai ta tambayoyi 5 ta jin daɗin rayuwa, ba sa cin minti 10. Ɗalibanmu na jami'a su ɗauki wannan a matsayin aikin bincikensu, don nan gaba mai lacca ya kawo alƙaluman Rikkos da Bukur da Barikin Ladi, ba na Harare kaɗai ba.

Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato, wadda aka kafa a 2016, tana da wurin zama a wannan aiki, domin mutumin da ke kwana da firgici da fushi yana da wuya ya zauna teburin sulhu da zuciya ɗaya. Sai dai ina jan hankalin hukumomi: babu yawan zaman da zai maye gurbin adalci. Kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya binciki rikicin 2001, na Bola Ajibola ya binciki na 2008, kuma har yau jama'a na tambayar ina aka kwana. Matar da ta san wanda ya kashe mijinta tana ganinsa yana yawo, za mu iya taimaka mata ta yi barci ta koma kasuwa, amma haƙƙinta yana wuyan masu mulki.

Ku kuma da za ku koma gida yau, kowannenku ya san mutum ɗaya da ya canza tun bayan wani abu da ya same shi. Ku je ku zauna da shi, ku tambaye shi yadda yake kwana, ku bar shi ya gama magana kafin ku ce ya yi haƙuri. In kun ga abin ya fi ƙarfinku, ku raka shi asibiti da ƙafarku, kada ku tsaya a kwatance.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya.